Ciniki Daban, Riba Daban: Lissafin Haraji Ga Sabon Ɗan Kwangila

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san cewa falken da ya sayar da sa a kan N900,000 ba ya cewa ya ci ribar N900,000. Sai ya fara ware uwar kuɗin da ya sayo san, ya ware kuɗin dusa da harawa, da la'adar dillali, da kuɗin mota, sannan abin da ya yi saura shi ne nasa. Wannan lissafi da falke yake yi da ka, shi ne ginshiƙin dokar harajin kuɗin shiga, kuma shi ne abin da yake shige wa sababbin 'yan kwangila duhu.

A ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai matasan da suka koyi gini ko kafinta ko walda ko haɗa wutar sola a hannun wani ubangida ko kamfani, sannan suka tsaya da ƙafafunsu suna karɓar aiki da sunansu. Ranar da matashi ya yi haka, ranar ce nauyin lissafin harajinsa ya dawo wuyansa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna wa mai karatu yadda ake yin wannan lissafi, da irin kuɗin da doka ta yarda a cire, da kuma asarar da rashin ajiye takarda yake jawowa.

Daga Ƙidayar Kawuna Zuwa Lissafin Riba

Haraji ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gumel. Tun kafin zuwan Turawa ana biyan kuɗin ƙasa da jangali. Bayan da Turawa suka kama ƙasar Hausa a 1903, Gwamna Lugga ya kafa doka a 1906 wadda ta tsara waɗannan kuɗaɗe, aka riƙa tara su ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi. Lissafin wancan zamani na ƙidaya ne: magidanta nawa ne a gari, shanu nawa ne a garke. Ba a cika tambayar mutum ko ya ci riba ko ya faɗi ba. Haka aka yi ta tafiya har 1979, lokacin da gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda Gumel take cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991.

Harajin kuɗin shiga kuwa tushensa daban ne. A 1799 Firayim Ministan Birtaniya, William Pitt ƙarami, ya ɗora shi a kan mutanen ƙasarsa domin a sami kuɗin yaƙi da Faransa. Hikimar da ke cikinsa ita ce kowa ya biya gwargwadon abin da ya samu. A Nijeriya, Dokar Soja mai lamba 104 ta 1993 ce ta daɗe tana tafiyar da harajin ɗaiɗaikun mutane, aka yi mata babban gyara a 2011. Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, kuma sabon tsarin lissafin ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Da wannan tsari za mu yi aiki a nan.

Wa Ake Biya, Kuma Yaushe?

Ma'aikacin albashi ba ya wahalar lissafi, domin ofishinsu ne yake yanke harajinsa kowane wata ya aika. Mai zaman kansa kuwa shi ne ma'aikaci, shi ne akawu. Doka ta ɗora masa ya gabatar da bayanin abin da ya samu a shekarar da ta gabata kafin ƙarshen watan Maris. Mazaunin Gumel ko Gagarawa yana kai wannan bayani ne ga Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Jigawa, mai hedkwata a Dutse, domin harajin mutum na jihar da yake zaune ne.

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Yin rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC bai mai da mutum kamfani ba. Shi da kasuwancinsa abu guda ne a idon doka, kuma jiha ce take karɓar harajinsa. Sai fa idan ya kafa cikakken kamfani mai hannun jari, to a nan lissafin kamfanin yana komawa hannun hukumar tarayya, wadda a da aka sani da FIRS, yanzu kuma NRS.

Wanda ya ƙi gabatar da bayaninsa, sabuwar doka ta tanadar masa tarar N100,000 a watan farko, da N50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Daɗin daɗawa, ma'aikata ko kamfanin da ya ba da kwangila ga mutumin da ba shi da rajistar haraji, zai fuskanci tarar N5,000,000. Ma'anar wannan ita ce, matashin da ba shi da lambar shaidar biyan haraji ya rufe wa kansa ƙofar aiki tun kafin ya ƙwanƙwasa.

Kuɗin Da Ake Cirewa

Ba a lissafa haraji a kan jimillar kuɗin kwangila. A kan riba ake lissafa shi, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗin da aka kashe wajen yin aikin. Amma ba kowane kashi doka ta amince da shi ba. Ma'aunin da ta kafa shi ne: kuɗin ya zamana an kashe shi ne kacokan domin neman wannan abin shiga, ba tare da wata manufa ta daban ta shiga ciki ba.

Ga ɗan kwangilar gini, abubuwan da suka cika wannan sharaɗi sun haɗa da siminti da rodi da kwano da katako da bulo da yashi da tsakuwa. Da ladan magina da kafintoci da leburori. Da kuɗin tifa da man da aka ƙona wajen jigilar kaya. Da hayar shago ko rumbun ajiya. Da gyaran kayan aiki. Da kuɗin takardun neman kwangila da abin da banki yake caja. Da kuma kuɗin ruwa a kan bashin da aka ci domin aikin.

Waɗanda ba a cirewa kuwa su ne cefanen gida, da kuɗin makarantar yara, da hidimar biki ko suna, da ɗinkin salla, da duk abin da mai kasuwanci ya ɗiba daga jari ya biya buƙatar kansa. Haka nan tarar da aka ci mutum saboda karya doka ba ta shiga lissafi. Kuɗin da aka miƙa a asirce domin a sami aiki kuwa, ban da kasancewarsa laifi, ba shi da gurbi a kowane littafin haraji.

Wata shari'a da aka yi a Ingila a 1983 ta fito da wannan ma'auni fili. Wata lauya mai suna Ann Mallalieu ta nemi a cire mata kuɗin baƙaƙen tufafin da take sawa idan za ta kotu, tana mai cewa ba don aiki ba da ba za ta saye su ba. Kotu mafi girma ta ƙasar a lokacin ta ƙi, bisa hujjar cewa tufafi suna suturta mutum suna kuma kare shi daga sanyi, saboda haka manufa biyu ce ta haɗu. Idan muka auna da wannan, hular kwano da takalmin aiki da safar hannun mai walda kayan aiki ne, amma shaddar da ɗan kwangila ya ɗinka domin zuwa ganin shugaban ƙaramar hukuma tufafinsa ce kawai.

To, yaya za a yi da babur ɗin da ake zuwa wurin aiki da shi, a kuma kai yara makaranta? Dabara ita ce a rarrabe. Mutum ya riƙa rubuta tafiye-tafiyen aiki da man da ya sha a kowace tafiya, domin abin da aka iya warewa aka nuna na aiki ne, shi ake iya karewa a gaban jami'in haraji.

Akwai kuma sharuɗɗa biyu da suka shafi mutanen bakin iyaka musamman. Na farko, sabuwar doka ba ta yarda a cire kuɗin kayan da aka shigo da su ba tare da an biya kuɗin fito ba, ko kayan da ya kamata a caji harajin VAT a kansu amma ba a caja ba. Ɗan kwangilar Maigatari da ya sayi kayan sumoga domin araha, zai iya tarar da cewa arahar ta koma tsada. Na biyu, abin da aka saya da kuɗin waje, kamar sefa, ana mai da shi naira ne bisa farashin canji na hukuma, ba na kasuwar bayan fage ba.

Kayan Aiki Masu Daɗewa

Buhun siminti yana ƙarewa a aiki guda, amma injin buga bulo yana shekaru yana aiki. Saboda haka doka ba ta bari a cire kuɗin inji gaba ɗaya a shekarar da aka saye shi. Sai ta rarraba shi a kan shekaru, abin da za mu iya kira rangwamen tsufan kayan aiki. A sabon tsari, gini yana samun kashi 10 cikin 100 a shekara, injuna da kayan aiki kashi 20, mota kuwa kashi 25. Ɗalibin lissafi zai gane cewa wannan madaidaicin layi ne: adadi iri ɗaya yake fita kowace shekara, darajar injin tana sauka daki-daki har kusan ta ƙare a cikin shekara 5.

Matakalar Haraji

Bayan an gano riba, an kuma cire sassaucin da doka ta ba kowane mutum, kamar kuɗin fansho da inshorar lafiya da kashi 20 cikin 100 na hayar gidan zama (wanda ba zai wuce N500,000 ba), sai a ɗora abin da ya rage a kan wannan matakala:

N800,000 na farko: babu haraji
N2,200,000 da ke biye: kashi 15 cikin 100
N9,000,000 da ke biye: kashi 18 cikin 100
N13,000,000 da ke biye: kashi 21 cikin 100
N25,000,000 da ke biye: kashi 23 cikin 100
Abin da ya haura N50,000,000: kashi 25 cikin 100

Mai karatu ya ƙaddara randuna shida ne a jere, ana zuba ruwa a ta farko, sai ta cika sannan a wuce ta biyu. Kowace randa da kuɗinta. Ruwan da ya shiga randa ta uku ne kaɗai ake biya wa kashi 18, na cikin ta farko yana nan kyauta. Saboda haka tsoron da wasu suke yi, cewa ƙarin riba zai jefa su mataki na sama har su koma baya, ba shi da tushe a lissafi. Wanda ya ƙara N100 a mataki na uku, N18 zai bayar, N82 ta zauna a aljihunsa.

Mu Gwada Da Misali

Mu ƙaddara wani matashi ne ɗan Sule Tankarkar da ya bar aikin albashi ya fara karɓar kwangila. Alƙaluman da za mu yi amfani da su na misali ne, kuma mun ajiye harajin VAT a gefe domin lissafinsa daban ne. A shekara guda ya yi ayyuka uku:

Ginin ajujuwa biyu a Gagarawa: N14,000,000
Samar da kujeru ga wata makaranta a Gumel: N4,000,000
Ginin rumbun ajiya ga wani falken riɗi a Maigatari: N2,000,000
Jimilla: N20,000,000

Ga kuma abin da ya kashe:

Kayan gini da katako: N11,200,000
Ladan ma'aikata: N3,400,000
Jigila da mai: N900,000
Hayar shago: N300,000
Kuɗin ruwa a kan bashi: N250,000
Takardu da cajin banki da waya: N150,000
Jimilla: N16,200,000

Idan aka ɗebe N16,200,000 daga N20,000,000, saura N3,800,000. A wannan shekara ya sayi injin buga bulo a kan N1,500,000, kashi 20 cikin 100 na wannan shi ne N300,000, saura N3,500,000. Yana biyan hayar gidan zama N500,000, wanda ya ba shi sassaucin N100,000. Abin da za a ɗora a kan matakala ke nan shi ne N3,400,000.

N800,000 na farko babu komai. N2,200,000 da ke biye sun ba da N330,000. Ragowar N400,000 a kan kashi 18 sun ba da N72,000. Harajinsa na shekara ya kama N402,000, wato kusan kashi 12 cikin 100 na abin da aka ɗora a kan matakala. Da a ce a kan N20,000,000 ɗin gaba ɗaya ake lissafi, da harajin ya kai N3,630,000, kusan duk ribarsa ke nan. Wannan tazara ita ce amfanin sanin bambancin ciniki da riba.

Kafin Alƙalami

Sau da yawa sabon ɗan kwangila yakan ga an biya shi ƙasa da abin da aka rubuta a takardar aiki, sai ya ɗauka an cuce shi, ko kuma ya ɗauka ya gama da haraji ke nan. Duka biyun kuskure ne. Doka ta umarci ma'aikatun gwamnati da kamfanoni su yanke wani kaso tun daga tushe su aika wa hukumar haraji da sunan wanda ya yi aikin. Bisa ƙa'idojin da suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2025, ana yanke kashi 2 cikin 100 a kan ginin gidaje da hanyoyi da gadoji da kuma samar da kaya, da kashi 5 a kan aikin ƙwararru irin na masu ba da shawara. Mai samar da kaya ko aikin da ba shi da lambar haraji kuwa, ninki biyu ake yanke masa.

Wannan kuɗi kafin alƙalami ne. A misalinmu, an yanke wa matashin N280,000 a aikin Gagarawa da N80,000 a aikin Gumel, jimilla N360,000. Falken riɗi bai yanke komai ba. Idan aka ɗebe N360,000 daga N402,000, cikon da zai biya N42,000 ne kacal. Amma fa sai ya nuna takardar shaidar yankewar, saboda haka wajibi ne ya karɓe ta daga duk ofishin da ya biya shi.

Ranar Da Babu Rasit

Yanzu mu juya misalin. A ce matashin nan ya biya magina da leburori da direbobin tifa hannu da hannu, bai rubuta ba, bai sa kowa ya sa hannu ba. Jami'in haraji yana da ikon ƙin amincewa da abin da ba a kawo masa hujja ba, har ma ya yi ƙiyasi da nasa hankalin. Idan aka yi watsi da N3,400,000 na lada da N900,000 na jigila, abin da za a ɗora a kan matakala ya tashi daga N3,400,000 zuwa N7,700,000, haraji kuma ya koma N1,176,000. Ƙarin N774,000 ke nan a kan kuɗin da ya riga ya fita daga hannunsa tun tuni. Wannan ya fi rabin kuɗin injin bulon da ya saya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wani zai ce ai mai yashi da lebura ba su ba da rasit. Gaskiya ne, amma akwai mafita. Ɗan kwangila ya tanadi littafin biyan lada, ya rubuta suna da rana da irin aiki da adadin kuɗi, wanda aka biya ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Inda ya yiwu, a biya ta banki ko ta waya, domin wannan yana barin sawu. Ya kuma buɗe asusun aiki dabam da na gida, ya ɗauki hoton kowane rasit tun kafin tawadarsa ta kode, ya adana takardun har shekara 6 kamar yadda doka ta nema. Tun a 1494 masanin lissafin nan na Italiya, Luca Pacioli, ya wallafa bayanin yadda fataken birnin Banis suke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Littafin rubutu mai layi biyu ya ishi mai ƙaramin jari ya bi wannan hanya.

Amfanin littafin bai tsaya ga haraji ba. Shi ne zai nuna wa ɗan kwangila wane aiki ne ya ci riba, wane ne ya cinye masa jari. Idan kuma shekara ta zo da faɗuwa, doka ta yarda a ɗauki asarar a rage ta daga ribar gaba, amma sai ga wanda ya rubuta. Har ila yau, ana neman takardar shaidar biyan haraji ta shekara 3 da suka gabata wajen neman kwangilar gwamnati, kuma harajin da aka yanke wa mutum lokacin yana ɗaukar albashi yana shiga wannan lissafi. Saboda haka kada wanda ya bar aiki ya zubar da tsofaffin takardun albashinsa.

Kammalawa

Kakanninmu an ƙidaya kawunansu da na shanunsu aka yanka musu haraji, ba a nemi jin ta bakinsu ba. Ɗan kwangilar yau kuwa doka ta ba shi damar ya kawo nasa lissafin, ya nuna abin da ya kashe, a caje shi a kan ribarsa kaɗai. Wannan dama tana hannun wanda ya iya kaso cikin ɗari ya kuma riƙe alƙalami. Tun ran gini ran zane: ranar da aka karɓi aikin farko, ranar ya kamata a buɗe littafi.

Ga malaman lissafi da na kasuwanci, ga aikin da za a iya ba ɗalibai a aji. Wata tela a Gumel ta karɓi kwangilar ɗinka kayan makaranta ta N5,000,000. Ta kashe N3,100,000 a kan yadi da zare da ladan mataimaka, ta sayi keken ɗinki na N500,000, an kuma yanke mata kashi 2 cikin 100 tun daga tushe. Ba ta biyan hayar gida, ba ta da wani abin shiga dabam. Nawa ne harajinta na shekara, kuma nawa ne cikon da za ta biya? Ɗalibin da ya sami N150,000 da N50,000 ya kama hanya.